Komawa gida, zama a gari ko sabon matsuguni: wace hanya ta dace da 'yan gudun hijirar Kaduna?

Wani ɗan'uwa da aka saka cikin kwamitin ƙaramar hukumarsu ya tare ni da tambaya bayan sallar la'asar. Akwai iyalai da suka tsero daga ƙauyukansu suna kwana a azuzuwan wata firamare, ga shi ana son yara su koma karatu, an kuma ce kwamiti ya kawo shawara a rubuce. Wasu 'yan kwamitin na cewa a ɗebo motoci a mayar da kowa garinsu tunda an samu sauƙi. Wasu na cewa a nemi fili a gina musu sabuwar unguwa. Su ma mutanen kansu ya rabu: dattawa na marmarin gida, matan da aka kashe wa mazaje kuwa ko sunan hanyar ba sa son ji. Ya ce, "Malam, in kai ne, a kan wacce za ka sa hannu?" Ban iya ba shi amsa a tsaye ba. Ga amsar nan, gare shi da duk mai irin nauyinsa, kansila ne, hakimi ne, ma'aikacin hukumar agajin gaggawa ne, ko shugaban 'yan gudun hijirar da kansa.

A Hausa suna ɗaya muke kiransu da shi, 'yan gudun hijira, amma doka ta raba su biyu. Wanda ya tsallake iyaka, kamar 'yan Najeriya da ke sansanin Minawao a Kamaru, yana ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969. Wanda bai bar ƙasarsa ba, irin mutanenmu na Birnin Gwari, Giwa, Chikun, Kajuru da Zangon Kataf, cikakken ɗan ƙasa ne, nauyinsa na wuyan gwamnatinsa. Shi yarjejeniyar Kampala ta shafa, wadda Tarayyar Afirka ta ƙulla a 2009, Najeriya ta amince da ita a 2012, sai kuma manufar ƙasa kan masu gudun hijira na cikin gida da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da ita a 2021. Dukansu mafita uku suka sani: mutum ya koma inda ya fito, ya zauna inda ya samu mafaka, ko a tsugunar da shi a wani sabon wuri, kuma kowacce sai da yardarsa. Kai mutum wata ƙasa kamar Kanada ko Amurka, wanda matasa kan tambaya, na waɗanda suka tsallake iyaka ne kawai, su ɗin ma ƙasa da kashi 1 cikin 100 ke samu a shekara, don haka na ajiye shi gefe.

Abin da za a auna da shi

Tsaro ne farko, amma tsaron ina? A nan ake yawan yin kuskure. Ana iya jibge sojoji a tsakiyar ƙauye, alhali gonar da ke tafiyar rabin awa tana hannun 'yan bindiga, sai an biya su haraji kafin shuka, a sake biya kafin girbi. Manomin da ƙauyensa ke lafiya amma gonarsa ba ta shiguwa, sansani kawai aka sauya masa. Saboda haka tambayar da zan yi a kan kowace hanya ita ce: zai iya zuwa inda abincinsa yake, ya dawo lafiya?

Daga nan sai ɗorewa, wato ko iyali za su iya ciyar da kansu bayan kaka ta biyu ba tare da jiran buhun agaji ba, da kuma ko suna da takardar da za ta hana wani ya tashe su gobe. Sai kuɗi, wanda bai tsaya ga ginin ranar farko ba, ya haɗa da albashin malami da na ma'aikaciyar asibiti da gyaran famfon burtsatse shekara biyar masu zuwa. Sai sauƙin aiwatarwa. Na ƙarshe shi ne yarda, ta masu hijirar da ta masu masaukinsu.

A kuma riƙe wani abu: a jihar Kaduna mafi yawan waɗanda aka raba da muhallansu ba a sansani mai tantuna suke ba. Suna rakuɓe a gidajen dangi, a kangwaye, a harabar masallatai da majami'u. Duk tsarin da ya ƙirga na cikin makaranta kaɗai ya bar mafi yawa a waje.

Barin su inda suke a sansani

Wannan ita ce hanyar da ake faɗawa idan an kasa zaɓar komai. A wata guda tana da arha, a shekaru kuwa ita ce mafi cin kuɗi, domin ana ciyarwa ba tare da an gina komai ba. Sansanin Dadaab na Kenya a 1991 aka buɗe shi don 'yan Somaliya, na ɗan lokaci, yau akwai jikokin da aka haifa a ciki. Ba sai mun je nesa ba: bayan rikicin zaɓen 2011, waɗanda suka tsero daga Zonkwa da Matsirga da kewaye sun kwashe shekaru a sansanin alhazai na Mando. Cunkoso na jawo kwalara da gobara, yunwa na jefa mata da 'yan mata hannun masu cin zarafinsu, in kuma makaranta ce aka mamaye to yaran gari ma sun rasa karatu. Gada ce da ake bi a tsallake, kuma ya kamata a faɗi ranar da za a sake duba lamarin tun daga farko.

Mayar da su garuruwansu

Ita zuciya ta fi so, kuma da hujja. Gona tasu ce ta gado, ba sai gwamnati ta sayi fili ko ta biya diyya ba. Maƙabartar iyaye na can, dagaci ya san iyakar gonar kowa, mutum ba baƙo ba ne. In gidaje na tsaye, abin da ake buƙata kwanon rufi ne, iri, taki, gyaran rijiya, da abincin da zai kai su kaka. Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kai ta sauƙi. Idan ta yi kyau kuma, babu wadda ta kai ta ɗorewa.

Sai dai haɗarinta ya fi na kowacce, domin kuskurenta rai yake ci. A watan Agustan 2020 aka mayar da mutanen Kukawa a Borno da rakiyar sojoji, ba a cika mako uku ba mayaƙan ISWAP suka afka wa garin. Daga baya gwamnatin Borno ta rufe sansanonin Maiduguri. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce tsakanin Mayun 2021 da Agustan 2022 an fitar da sama da mutum 140,000 daga sansanoni takwas, kuma da yawansu ba su zauna a garuruwan da aka nufa da su ba, sun ƙare a matsugunan bayan gari inda agaji ba ya isa. Gwamnatin tana da dalilinta, cewa zaman sansani na kashe zuciya, kuma wannan gaskiya ne. Darasin da na ɗauka shi ne, idan aka fara tsayar da ranar rufewa kafin a tabbatar da inda za a koma, ranar ce ke jan ragamar aikin, ba halin da daji ke ciki ba.

A Bornon dai akwai misalin da ya fi kyau. A Ngarannam da ke ƙaramar hukumar Mafa, gwamnatin jihar da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sake gina garin, da ɗaruruwan gidaje, makaranta, kasuwa da ofishin 'yan sanda, mutane suka koma a 2022, bayan an zauna da su an ji irin gidan da suke so. Amma irin wannan komawa ba ta da arha ko kaɗan, ba kuma kowane kufai ne zai same ta ba.

Mu a nan, sulhun da aka yi a Birnin Gwari a Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara, wato ta shanu, bayan shekaru tana rufe, ya sa mutane da dama sun koma gonaki, hanya ta buɗe. Abin a gode wa Allah ne. Duk da haka ni ba zan auna sulhu da ranar da aka yi musabaha ba. Zan auna shi da damina guda da kaka guda: an yi shuka, an yi noma, an kwaso amfani zuwa rumbu ba a sace kowa ba, ba a biya kowa ba? In haka ta samu, a fara maganar kwaso mata da yara.

Mutanenmu ma sun riga gwamnati gano wannan dabara. Magidanta kan koma su yi noma su dawo, iyali na gari, sai hankali ya kwanta a kwashe kowa. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta mara wa wannan baya: kada a soke sunan mutum daga rajistar agaji don an gan shi a gona, kuma a ba shi damar dawowa idan abu ya ɓaci. Lokaci ma na da muhimmanci. Wanda aka mayar a watan Maris ko Afrilu zai rufe ɗaki, ya yi sharar gona kafin ruwa ya sauka. Wanda aka sauke a watan Agusta an haɗa shi da yunwar shekara guda, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

A kudancin jihar akwai ƙarin ƙulli. A wurare irin Kajuru da Zangon Kataf da Kauru, an ƙona ƙauyukan manoma, an kuma ƙona rugage. Idan aka mayar da ɓangare ɗaya aka manta da ɗaya, ko aka koma ba a daidaita maganar burtali da mashaya da gonakin da wasu suka shiga ba, an shuka rikicin baɗi ne. Zaman hakimai da arɗaɗe da shugabannin addinai a kan iyakoki ya kamata ya riga motar kwaso mutane.

Zaunar da su a garin da suka samu mafaka

Wannan ce hanyar da aka fi yi wa rowar kulawa, alhali ita mafi yawan mutane suka riga suka zaɓa da ƙafafunsu. Duk wanda ya san Rigasa, Mando, Sabon Tasha, Gonin Gora, Kafanchan ko bayan garin Zariya ya san iyalan da suka zo "kafin ƙura ta lafa", yau yaransu sun shekara biyar a makarantar unguwa, uwar tana tuyar ƙosai, uban yana dako ko gadi. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili a ko'ina. Ba alfarma suke nema ba.

Kuɗinta matsakaici ne, kuma yana da wata falala da sauran ba su da ita: duk abin da aka kashe, mai masauki ma ya amfana. In aka ƙara azuzuwa, aka ƙara ma'aikata a asibitin unguwa, aka haƙa burtsatse, ɗan gari da baƙo duk za su sha. Abin da baƙon ke buƙata na kansa bai taka kara ya karya ba: tallafin kuɗin haya na shekara ɗaya ko biyu, ko ɗan fili mai takarda daga KADGIS, hukumar filaye ta jiha, jarin sana'a, sauya masa rumfar zaɓe, sabunta takardun da suka ƙone, da sa shi cikin inshorar lafiya ta jiha. Tanzaniya ta yi abin da ya fi wannan nauyi a 2014, da ta ba kimanin mutum 162,000 'yan asalin Burundi, masu hijirar 1972 da zuriyarsu, takardar zama 'yan ƙasa. Yuganda kuma, a ƙarƙashin dokarta ta 2006, tana ba baƙi ɗan fili da izinin aiki. Idan ana yi wa baƙon wata ƙasa haka, ɗan Giwa da ke zaune a Rigasa bai kamata ya gagara ba.

Ba na ɓoye raunin wannan hanya. Manomi ba gona kamar kifi ne a tudu. Dattijon da ke cika rumbu uku, in aka bar shi a gari ba abin yi, ƙarshensa ƙwadago ko bara, kuma wannan na karya mutum fiye da yunwa. Kuɗin haya kan tashi a unguwannin talakawa. Idan aka riƙa sauke buhuna a ƙofar baƙo ana tsallake maƙwabcinsa da ya raba tuwonsa da shi shekara uku, gaba za ta shiga tsakani, shi ya sa nake ganin kowane rabo ya haɗa da masu masauki marasa ƙarfi. Ga matsalar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ke bin yaro har wajen neman gurbin karatu da aiki. Sannan ga abin da mu 'yan Kaduna muka sani a jikinmu: tun rikicin 2000 kowa ya gudu inda nasa suke, kogin Kaduna ya zama iyaka a cikin birnin, Musulmi sun fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Zaunar da mutane ba tare da lura ba zai ƙara kaurin wannan katanga. Duk da haka, a ganina, ga gwauraye mata da marayu da matasan da suka riga suka kama sana'a, babu hanyar da ta kai wannan aminci. Abin da ke rage mata farin jini a ofisoshi shi ne ba ta da jerin gidaje masu sabon fenti da za a nuna, aikinta a warwatse yake cikin unguwanni.

Gina sabon matsuguni

Ita ce mafi tsada, ita ce kuma mafi ɗaukar lokaci. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 50 ga shirin Pulako na sake tsugunar da waɗanda rikici ya raba da muhallansu a jihohi bakwai, Kaduna na ciki, kuma a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da ginin gidajen a 2024, garin da jirgin soja marar matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Mauludi a Disamban 2023. Akwai kuma gidajen da gidauniyar Qatar Charity ta gina tare da gwamnatin jiha domin iyalan da 'yan bindiga suka ɗaiɗaita. Ga wanda ya samu, rahama ce babba. Amma a raba kuɗin gida ɗaya da yawan masu buƙata, za a ga kaɗan ne ke shiga, kuma inda abu ya yi kaɗan, nan jerin sunaye ke cika da 'yan uwan masu rubutawa. Mafita ita ce a karanta sunaye a bainar jama'a, su masu hijirar su tantance junansu.

Abu biyu ke sa sabon matsuguni ya rayu ko ya koma kango. Na farko gona da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, tana kuma ba shi ikon karɓa don amfanin jama'a, amma diyyar da ta tanada ta fi karkata ga abin da ke kan fili, gini ko shuka ko itatuwa, ba ƙasar kanta ba. A ƙasar Hausa kuwa babu dajin da ba shi da mai shi: ko saurar wani ce, ko makiyayar wasu. Abin da ya faru a madatsar ruwa ta Bakolori a 1980, inda taƙaddamar diyya da rabon gonaki ta kai ga kashe manoma, ya ishe mu gargaɗi. Kada a share hawayen wani da ƙwace gonar wani. Na biyu shi ne fasalin gidan. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma yana buƙatar zaure, tsakar gida, wurin rumbu da turken dabbobi, da sararin ƙara ɗaki idan yaro ya yi aure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a tambaye shi kafin a zana.

Kuɗi a hannu

Wasu na lissafa wannan a matsayin hanya mai zaman kanta. Ni ban ɗauke ta haka ba. Lokacin rufe sansanonin Maiduguri an ba mutane tsakanin naira 50,000 da 100,000, kuɗin da haya da abinci ke cinyewa cikin 'yan watanni. Tana da sauri, tana kuma mutunta mutum domin shi ke zaɓar abin da zai saya, amma amfaninta na fitowa ne idan an jingina ta da ɗaya daga cikin hanyoyi ukun nan, a biya kashi-kashi, a kuma sa wani kaso a hannun matan gida.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin yi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Zaman sansani | Kaɗan a wata, mai yawa a shekaru | Babu | Mai sauƙi | Cuta, cin zarafi, mutuwar zuciya |
| Komawa gida | Kaɗan, sai in gari ya rushe | Mafi ɗorewa in gona na shiguwa | Ya danganta da tsaro | Sabon hari, sake gudu |
| Zama a gari | Matsakaici | Mai kyau in akwai sana'a da takarda | Ana iya farawa yau | Rashin gona, gaba da masu masauki |
| Sabon matsuguni | Mafi tsada | Mai kyau in an haɗa da gona | Mai wuya, yana ɗaukar shekaru | Rikicin fili, son kai a rabo |
| Kuɗi kaɗai | Kaɗan | Gajere | Mafi sauri | Ƙarewa kafin a tsaya da ƙafa |

Wa ya dace da wacce

Ga ɗan'uwana na kwamiti, shawarata ita ce kada ya rubuta hanya ɗaya ga kowa. A bi gida-gida a tambaya, a kuma ji mata daban, domin a gaban dattawa ba kowace ce za ta ce ba ta son komawa ba.

Manoman da ƙauyensu ke kusa da babbar hanya, waɗanda suka riga suka yi damina guda suna zuwa gona lafiya, su ne na komawa gida, a shirya musu kwano da iri da taki kafin Afrilu, a bar sunansu a rajista har su ga kaka biyu. Inda rikicin na manoma da makiyaya ne, komawar ta jira zaman iyakoki, kuma ta haɗa ɓangarorin biyu.

Matan da suka rasa mazaje, marayu, masu ciwon da ke buƙatar asibiti kusa, da iyalan da yaransu suka yi nisa a makarantun gari, a zaunar da su inda suke, da kuɗin haya ko fili mai takarda, a kuma ƙara wa unguwar da ta karɓe su azuzuwa da ruwa. A nan nake ganin ya kamata kaso mafi girma na kasafin ya tafi.

Sabon matsuguni a keɓe shi ga ƙauyukan da suka tashi gaba ɗaya, waɗanda ke can cikin daji inda ba a sa ran tsaro nan kusa, kuma mutanensu na son zama tare a ƙarƙashin mai unguwarsu. Kada a aza tubali sai an kammala maganar gonaki da masu ƙasar, a rubuce.

Za a samu ragowar iyalai da ba su yanke shawara ba, wasu na jiran ɗan'uwa da ke hannun masu garkuwa, wasu tsoro bai sake su ba. Waɗannan a fitar da su daga azuzuwa zuwa wani gini mai banɗaki da ruwa domin yara su koma karatu, a ci gaba da ba su abinci, a sake zama da su bayan girbi.